Wasiƙar Godiya ga Kamfanin EMG kan Saitin Lantarkin Gitar Bes

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan kamfanin EMG, Santa Rosa, jihar Kalifoniya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuta wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in gode muku kan saitin fikof na J, wato na'urorin ɗaukar sautin tsirkiya, da na sa wa gitar bes ɗina da hannuna, kuma domin sauran makaɗan da ke tsoron buɗe cikin kayan kiɗansu su ji abin da ya sa aikin ya yiwu ga mutumin da bai koyi gyaran lantarki ba.

Gitata irin ƙirar Jazz Bass ce, wadda kamfanin Fender ya fito da ita a 1960, mai fikof biyu, wato na'urorin maganaɗisu da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi suna mayar da girgizarsu lantarki. Duk wanda ya daɗe da irin wannan gita ya san halinta. Kowane fikof naɗin waya ɗaya gare shi, kuma an naɗa su ta fuskoki masu kishiyantar juna, saboda haka idan aka buɗe muryar dukansu biyu zuwa ƙarshe sai ƙugin wutar lantarki ya ɓace, amma da zarar an rage ɗaya domin a samu sautin ɗayan shi kaɗai, sai ƙugin ya dawo. Ƙugin nan daga wutar gida yake shigowa, wadda ke kai da komo sau 50 a daƙiƙa a yawancin ƙasashe, sau 60 a Amurka, kuma yakan tsananta kusa da fitilu da taransifoma. Ni kuwa sautin fikof na kusa da jaki, ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa, shi na fi so, don haka ƙugin ya zama abokin zamana a duk lokacin ɗaukar sauti.

Abin da ya hana ni canza kayan tun da farko shi ne liƙi da dalma. Ramin da wayoyin gita suke ciki ƙarami ne, ƙarfen liƙi mai zafi yana iya ƙona fenti ko ya narkar da rigar wata waya, kuma liƙa waya a bayan maɓallin murya yana buƙatar zafi daidai gwargwado, domin idan ya yi yawa cikin maɓallin ya lalace, idan ya yi kaɗan liƙin ya saki wata rana ana tsakiyar kiɗa. A nan ne godiyata ta fi nauyi. Kun tsara saitin ta yadda kowace waya tana da kanta da ake cusawa a mazauninsa, daga bayan fikof zuwa maɓallan murya, daga nan zuwa maɓallin sauti da kafar da ake sa wayar amfilifaya. Sukudireba da ƙaramin sifana suka ishe ni. Wannan tsari yana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba: tsofaffin kayan na cire su, na adana su, kuma ranar da na so komawa gare su hanya a buɗe take.

Na yaba kuma da cewa kun haɗo duk abin da aikin ke bukata a cikin kwali ɗaya. Mutum da yawa ba su san cewa maɓallan tsohuwar gita, masu kilo-om 250 (awon turjiyar lantarki), ba su dace da fikof mai batir irin naku ba, wanda ke aiki da masu kilo-om 25. Da kun bar mai saye ya nemo su da kansa, da wasu sun bar tsofaffin a ciki, muryar ta riƙa tsalle daga shiru zuwa ƙara ba tare da tsaka-tsaki ba, su ɗora laifin a kan fikof. Haka ma kafar wayar: taku mai mahaɗa uku ce, ita ce ke kunna batir mai volt 9 idan an cusa waya, ta kashe shi idan an zare. Wannan ya koya min ɗabi'ar zare waya duk lokacin da na ajiye gita, tunda barinta a ciki yana shan batir ko ba a kaɗa komai.

Takardar bayaninku ta cancanci yabo na musamman, kuma sashen da ya fi taɓa ni shi ne na wayar ƙasa da ke fitowa daga jaki. A gitar da ba ta da batir, wannan waya tana haɗa tsirkiyoyi da layin ƙasa (earth) na lantarkin na'ura domin jikin makaɗi ya taimaka wajen rage hayaniya, wanda ke nufin hannunsa yana haɗe da amfilifaya kai tsaye, kuma idan wayoyin wutar wurin wasa suna da matsala, yana iya shan jan wuta da ya taɓa makirufo. Kun bayyana cewa fikof ɗinku a kāre suke daga ciki, ba sa bukatar wannan waya, a bar ta ba a haɗa ba. Na naɗe bakinta da tef na kwantar da ita gefe. Kamfanin da ya tsaya ya yi wa mai saye bayanin abin da ya shafi lafiyar jikinsa, a ganina, ya yi fiye da sayar da kaya.

Wuri ɗaya da ya buƙaci natsuwa shi ne samar wa batir mazauni, domin ba a ƙera gitar da shi ba. Na naɗe shi da soso na kwantar da shi a ƙarƙashin farantin maɓallai, yadda jikinsa ba zai taɓa wata waya ba. Ina kuma shawartar duk mai niyya ya auna ramukan fikof ɗinsa ya gwada da awon da kuke bayarwa kafin ya saya, saboda a wannan ƙira na kusa da wuya ya ɗan fi na kusa da jaki gajarta.

Sakamakon ya gamsar da ni. Ƙugin ya tafi ko da fikof ɗaya na buɗe, doguwar waya ta daina cinye kaifin sauti, kuma tsirkiyoyin huɗu sun daidaita a ƙarfin murya. Sautin ya fi na da tsabta da fitowa fili, kuma na san akwai makaɗan da suka fi son taushin tsohon tsari, ra'ayin da nake girmamawa, amma ga aikin ɗaukar sauti da nake yi wannan ya fi min.

Tun 1976 da Rob Turner ya kafa wannan kamfani kuke kan wannan sana'a, kuma kulawar da na gani a cikin kwalin nan ta nuna hakan. Ina roƙon a isar da godiyata ga waɗanda suka zana taswirar wayoyin da waɗanda suka rubuta takardar bayanin.

Naku cikin girmamawa,
Wani makaɗin gitar bes