Kilomita kaɗai ba ta gaya maka awa nawa za ka yi a jirgi

Assalamu alaikum Edita, don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana kan wata gardama da muka tafka da wani abokina, shi dai ya kafe wai in ka san nisan gari da gudun jirgi shikenan ka san awa nawa za ka yi a sama. Na ce masa malam ba haka abin yake ba fa.

Ɗauki Singafo zuwa New York, daga filin jirgin Changi zuwa JFK, wajen kilomita 15,300 ne, kuma Singapore Airlines na yin ta a tashi ɗaya ba tsayawa da jirgin Airbus A350. Jirgin fasinja yana gudun kamar kilomita 900 a awa, to in ka raba sai ka ga awa 17, amma a zahiri sai an yi awa 18 da wani abu, wani sa'in ma a doshi 19, saboda akwai jiran layi kafin a tashi, ga hawa ga sauka, sannan jirgi ba miƙewa yake ɗoɗar kamar yadda muke ja da rula a taswira ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne iska. Can sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, mai tafiya gabas tura shi take, mai dawowa kuwa kokawa yake da ita. Shi ya sa New York zuwa Landan kamar awa 7 ne amma dawowa sai an kai wajen 8, hanya ɗaya fa. A Fabrairun 2020 da aka yi wata guguwa, jirgin British Airways ya yi tafiyar New York zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56 kacal, tabɗi.

Ga kuma siyasa, tun da Rasha ta rufe sararin samaniyarta ga jiragen Turai a 2022 sai da tafiyar Helsinki, babban birnin Finland, zuwa Tokyo ta tashi daga wajen awa 9 ta koma kusan 13 saboda zagaye.

Inda abokin nawa ya rikice gaba ɗaya kuwa shi ne agogon tikiti. Ya ga an tashi Singafo da rana an sauka New York da yammar ranar, wai ai awa shida ne ke nan, bai san lokacin da ake rubutawa na garin da kake ne ba, kuma Singafo na gaban New York da awa 12, lokacin sanyi 13. Dawowa kuma ka tashi daren Litinin sai asubahin Laraba ka sauka. Da na nuna masa wannan sai ya ce to ina Talatar ta shiga, har yanzu dai bai yarda ba, don Allah Edita ko za ku sa wani matuƙin jirgi ya yi masa bayani a shafinku.

Na gode.
Mai karanta ku kullum.