Kada ka goge tsohon faifan nan

Assalamu alaikum abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya aiki? Allah ya sa kowa lafiya. Saƙonka ya same ni, na ga ka ce tun da ka ɗaga MacBook ɗinka daga Catalina, tsohuwar sigar macOS (babbar manhajar kwamfutocin Apple), zuwa sabuwar manhaja, Time Machine, mai kwafe kayan kwamfutar zuwa faifan ajiya, ya kwana yana kwafi bai gama ba, har kana shawarar goge faifan ajiyar ka fara sabo. Don Allah kada ka goge shi. Wannan ne ya sa ban jira sai mun yi waya ba.

Jinkirin ba abin damuwa ba ne. Sabuntawa tana taɓa fayiloli masu ɗimbin yawa, kwafin farko bayanta kuwa dole ya bi ta kansu duka. Abin da ya fi damuna shi ne wurin da ya rage a faifan. In ya cika, Time Machine tsofaffin kwafi yake fara sharewa don ya samu fili, su ne kuwa na zamanin Catalina. Idan gobe wata manhajar da kake aiki da ita ta ƙi tashi, ka so komawa baya, su kaɗai za su fisshe ka. In da hali, ka dakatar da kwafin yanzu, ka zare faifan, ka manna masa takarda da kwanan wata, ka ajiye shi. Sabon faifai za ka ba sabuwar manhaja. In babu hali, ka jona caji, ka bar laftof ɗin a buɗe ya gama, amma idonka na kan wurin da ya rage.

Ka kuma sani, abin da ake kwafa ma ya canja. A da, kwafin ya haɗa har da babbar manhajar kanta, in kwamfuta ta lalace ka mayar da komai a zama ɗaya. Tun daga Big Sur, sigar macOS ta 2020, Apple ta kulle sashen manhajar, Time Machine ya daina ɗaukarsa. Fayilolinka da manhajojin da ka saka da saitunanka yake adanawa. Ranar da matsala ta zo, sai ka fara saka macOS, sannan ka jawo kayanka daga faifan ta Migration Assistant, manhajar Apple ta kwaso kaya zuwa kwamfuta. Gara ka san haka tun yanzu da ka sani ranar da hankalinka ke tashe.

Sabon faifan kuma za a tsara shi da APFS, sabon tsarin adana fayiloli na Apple, naka na da kuwa tsohon tsarin HFS+ ne. Tsohon zai ci gaba da aiki, amma ba a mayar da shi APFS sai an goge abin da ke ciki. Catalina kuma ba za ta iya amfani da kwafin da aka yi a sabon tsarin ba.

Sai maganar iCloud, ma'ajiyar Apple ta intanet, a nan mutane suka fi asara. Ka leƙa ka ga ko an kunna ajiye Desktop da Documents a can, tare da Optimize Mac Storage, saitin da ke barin wasu fayiloli a iCloud kaɗai don rage cin wuri. In an kunna, ka buɗe folda ka duba: duk fayil ɗin da ke da ɗan hoton gajimare da kibiya a gefensa ba ya cikin laftof ɗinka, don haka ba zai shiga faifan ba. In ka share shi a waya, ya tafi a ko'ina, kwana 30 kawai kake da su ka dawo da shi. Ni dai kashe wannan saitin nake yi, ko da zai ci mini wuri.

Ka gaya wa ƙaninka mai Windows 10 cewa Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025. In ya koma Windows 11, kwana 10 yake da su na komawa baya, kuma kada ya taɓa foldar Windows.old, inda ake ajiye tsohuwar Windows ɗin, kafin nan.

Da zarar kwafin ya kammala, ka zaɓi takarda ɗaya da hoto ɗaya ka gwada dawo da su daga faifan, ka buɗe ka tabbatar sun buɗu. Ka rubuto mini abin da ka gani, da girman faifan da kake da shi.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Abokinka