Kafin a rubuta "birki ne ya tsinke", a zo a tambaye mu kanikawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da duk ma'aikatanka, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a ɗan sam min fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana cina a rai, a waya nake rubutawa kuma yatsun nawa sun fi sabawa da sifana, in an ga kuskure a yi haƙuri.

Ni bakanike ne a nan Kano, shekarata 26 ina kwanciya a ƙarƙashin mota, na fara tun lokacin da Fijo 504 ce take cika tasha, na zo na yi Golf da Sharon, yanzu gamu a kan Corolla da su Hummer bas. Abun da yake damuna shine duk sanda aka yi hatsari in na buɗe labarin sai in ga an ce "birki ne ya tsinke" ko "birki ya ƙwace wa direba", daga nan sai adadin waɗanda suka rasu sai addu'a, shikenan an rufe zance. Ƙaddara gaskiya ce mun yi imani da ita, amma ranka ya daɗe birki ba zaren ɗinki bane da zai tsinke haka kawai. Kafin ya mutu sai ya yi ta kuka sati da satittika, ka ji ƙiii in ka taka, ko feda ta riƙa nutsewa a hankali in ka tsaya a danja, ko motar ta riƙa fizgarka gefe ɗaya, ko sitiyari ya riƙa rawa a hannunka. Direba ya ji, mai mota ya ji, mu ma da aka kawo mana mun gani, sai dai akwai wata kalma guda ɗaya da take shiga tsakaninmu, wato "maneji".

Bari in fara da kaina kar a ce ina nuna yatsa. Shekarun baya wani direban Sharon kwastomana ya shigo gareji da sassafe, ya riga ya ɗauki lamba a tasha lodinsa ya kusa, birkin baya na dama yana yoyon mai, tayar ta ciki duk ta jiƙe sharkaf. Nace masa robar ta mutu sai an canza kit, kuma takalman birkin ma sun sha mai sai an sa wasu. Yace Oga wallahi ko kuɗin mai ban haɗa ba, a yi min maneji in je in dawo gobe da safe a yi aikin gaba ɗaya. Na san abun da yake nufi shi ma ya san na sani. Na kwance fayif ɗin da yake kai mai wannan ƙafar, na sami ƙusa na gutsure ta na cusa kan a bakin fayif ɗin na ɗaure noti, yoyo ya tsaya, feda ta yi tauri, ya taka yaji daɗi ya sa min albarka ya tafi da ƙafa uku da fasinja cike. Goben da bata zo ba kenan sai bayan wata bakwai, shi ma kuloci ne ya dawo da shi, ina leƙawa na ga ƙusata tana nan inda na barta har ta yi tsatsa. Wata bakwai yana ɗaukar matan mutane da 'ya'yan mutane. Allah ya tsare ba abun da ya faru, amma da ya faru fa? Da a jarida za a ce birki ne ya tsinke, babu wanda zai san akwai hannuna a ciki. Tun ranar na yi rantsuwa na daina, kuma na rasa kwastomomi a kan haka ba ɗaya ba ba biyu ba, don in ka ƙi sai ya matsa gaba kaɗan wani ya yi masa.

Motar da aka toshe mata ƙafa ɗaya in ana tafiya a hankali cikin gari ba za ka gane komai ba, ranar da akuya ko ɗan acaɓa ya faɗo maka kana gudu ka danne birki da ƙarfi, ranar ne za ta juya da kai don gefe ɗaya ya kama ɗaya bai kama ba.

Sai maganar man birki, wanda nan ne na fi so mutane su tsaya su fahimta don kusan babu mai kula da shi, in dai akwai wani abu a cikin kofin to shikenan. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 da muke amfani da su yana da wani hali, yana shan ruwa daga iska kamar yadda gishiri yake yi da damina. Sabon DOT 3 da aka fasa yanzu ba zai tafasa ba sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Celsius, DOT 4 kuma 230, amma in ya tsufa ya sha ruwa sai lissafin ya sauko wajen 140 da 155. Kaga ashe ba ƙaramin bambanci bane. To ka ɗauki mota da lodi tana gangaro Hawan Kibo daga Jos za a yi Akwanga, direba ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama bai ɗaga ba, faifan birki ya yi ja, zafin ya bi ta kalifa, wato ƙarfen da yake matse faifan, ya shiga man, man ya tafasa ya zama tururi, shi kuwa tururi matsuwa yake ba kamar mai ba, sai ka taka feda ta tafi har ƙasa fayau babu komai. Abun mamakin kuma in motar ta tsira aka barta ta huce rabin awa, sai birki ya dawo lafiya lau kamar ba shi ba, shi yasa za ka ji ana cewa wajen akwai aljanu. Ni dai ban ce babu aljanu a duniya ba, amma wannan aljanin a kofin man birki yake zaune, kuma maganinsa a zubar da tsohon mai gaba ɗaya a sa sabo duk bayan shekara 2, ba wai a riƙa ƙari a kan baƙin da ya koma kamar shayi ba madara ba.

Kuma dan Allah a daina siyan man birki na awo wanda aka ɗura a gorar ruwa, ba ka san me aka haɗa ba kuma ba ka san kwana nawa ya yi a buɗe ba. A sayi na gwangwani ko roba mai sil, a duba murfin kofin motar an rubuta irin wanda take sha. DOT 5 daban ne shi na silikon ne ba a haɗa shi da waɗancan. Masu zuba ruwan omo in mai ya ƙare musu a daji, na san ana yi kuma na san feda tana ɗan kamawa, amma in ka iso gari ba a wanke layin gaba ɗaya ba to ka jira tsatsa ta cinye maka masta, wato famfon da yake tura man birki zuwa ƙafafu. Wanda ya fi wannan muni shine a zuba man giya ko baƙin mai, duk wata roba da take cikin layin sai ta kumbura ta lalace. Haka wanke robobin birki da fetur da yaranmu suke yi, shi ma kashe su yake, da man birki ake wanke su.

Fad kuwa, wato abun da yake gogar faifai ya tsayar da taya, in naman ya rage kamar milimita 3 to ya gama aiki, kar a jira sai ƙarfe ya fara cin ƙarfe don a lokacin kuɗin faifai ma ya hau kanka. Kuma biyu ake canzawa hagu da dama tare, ba a canza ɗaya. Akwai masu kawo wanda aka yi wa lainin, an kankare tsohon an manna wani nama da gam an fesa fenti an sa a kwali mai kyau, na taɓa ciro wanda naman ya ɓalle ɗungurungum ya bar ƙarfen tsirara. Mai kyau yana nan a kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna duk za ka samu in ka tambaya kuma ka yarda ka biya, matsalar ita ce mai mota zai ce a bashi na araha, shi kuma mai shago ba zai ƙi ciniki ba. Faifan ma yana da iyaka, akwai lambar da kamfani ya buga a jikinsa ta ƙarshen kaurin da zai iya kaiwa, amma mu sai a yi ta kaiwa ana sheɓe shi a injin har ya koma kamar faranti.

Yanzu bari in juyo kan 'yan uwana kanikawa, ku yi haƙuri gaskiya ɗaci gareta. Gareji nawa ne a cikinmu yake da ƙarfen tokare mota? Jak kawai sai bulo ko dutse, yaro ɗan shekara 14 ya zura kansa a ƙasa, bulo kuwa ba ya sallama in zai fashe. Mai walda na kusa da kai zai haɗa maka guda huɗu masu kauri da kuɗin da bai kai na canjin fad sau biyu ba. Notin fayif ɗin birki yana da sifanarsa mai tsaga wadda take rungumarsa, amma sai a kama shi da filaya a cinye masa kai, gobe wani ya zo ya rasa yadda zai kwance. Kalifa in an ciro ta a rataye ta da waya, ba a barinta tana lilo a jikin tiyo, don tiyon yana iya tsagewa ta ciki ba ka gani ba. Fil ɗin da kalifa take zamewa a kai a wanke a sa masa giris ɗinsa na birki, in ya ƙafe shine za ka ga fad ɗaya ya cinye ɗaya yana nan sabo. Ƙurar daram, wato kwanon da takalman birki suke ciki, kuma a daina hure ta da baki, wasu takalman musamman tsofaffi da na araha akwai wani sinadari wai shi asbestos a ciki, huhu yake lalatawa a hankali sai an tsufa a ce tarin sanyi ne, a jiƙa tsumma a goge. Sai ɗaurin taya, Corolla abun da take buƙata bai wuce 103 Nm a ma'aunin ƙarfin ɗauri ba, amma sai a zura dogon fayif a wil-sifana yaro ya hau yana tsalle, daga baya faifai ya karkace ko bol ya karye a hanya.

Cire iska daga layin birki ma aiki ne na mutum biyu da haƙuri, ɗaya a ciki yana famfo ya riƙe, ɗaya a ƙasa yana buɗewa yana rufewa, yawancin motoci daga ƙafar da ta fi nisa da masta ake farawa, kuma ido yana kan kofi kar ya ƙafe a koma gidan jiya. Bayan an sa sabon fad a taka feda sau da yawa sai ta yi tauri kafin a motsa mota. Wannan da jikina na koya, ina yaron gareji maigidana yace in juya wata mota bayan mun gama, na shiga da rawar kai na sa ribas, na taka birki naji iska, sai da na kwashe teburin mai shayin bakin garejinmu da ƙwansa da biredinsa. Marin da na sha ranar har yau in na tuna sai kunnena ya yi ƙara, Allah ya jiƙan maigida.

Wutar ABS, wato na'urar da take hana taya kullewa in an danne birki, in ta kama a dashbod ba cire ƙwan ake ba ko a liƙe da baƙin tef don a sayar da mota, a sa kwamfuta a duba, sau da yawa ma sensa ce ta yi datti ko wayarta ta tsinke.

Direbobi ku ma ga naku. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 na lura wata ɗabi'a ta ƙaru, a gangara sai a sa mota a firi, wasu har su kashe inji wai ana tattalin fetur. Busta da take taimaka wa ƙafarka daga inji take samun ƙarfi, in ka kashe taku biyu zuwa uku ne ya rage maka, na gaba feda za ta koma kamar dutse, sitiyari mai fawa shi ma ya yi nauyi. A gangara giya ake saukarwa, a bar inji ya riƙe motar, birki kuma a taka a saki ya samu ya sha iska.

Roƙona ga ƙungiyarmu ta kanikawa NATA shine ta sa doka a tsakaninmu a kan toshe ƙafa, duk wanda aka kama a ci shi tara, don in kowa ya ƙi direba bashi da wajen zuwa. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta ƙara sa ido a kan jabun fad da man birki. 'Yan yuniyon a tasha su ma suna iya cewa mota ba za ta yi lodi ba sai an leƙa bayan tayoyinta, minti biyu ne, yoyo ba ya ɓuya.

Ku kuma 'yan jarida, in an ce muku birki ne ya tsinke ku ƙara tambaya ɗaya, me ya tsinke a cikin birkin, tiyo ne ya fashe, fad ne ya ƙare, ko ƙusa aka samu a fayif, ku tambayi jami'an kiyaye haɗurra ko an duba, ku rubuta mana amsar. In kuma kana da wakilin da zai iya zama a benci mai baƙin mai, ka turo min shi gareji, akwai wani gwangwanin madara da nake tara duk ƙusar da na ciro daga layin birkin motocin da ake kawo min, ya zo ya ƙirga da hannunsa ya ɗauki hoto, tawa ta cikin Sharon ɗin nan ma tana ciki.

Na gode, a huta lafiya.

Naka,
Wani bakanike, daga Kano