Allah ya jiƙan Iya, ungozomar unguwarmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili mu tuna da Iya, wadda Allah ya yi wa rasuwa bayan ta ga jikoki da tattaɓa-kunne. Shekara da shekaru tana karɓar haihuwa, ba ta taɓa yanka wa kowa kuɗi ba.

Ita ta koya wa matan unguwa haɗa ruwan gishiri da suga idan yaro ya kamu da gudawa: tafasasshen ruwa lita 1 da ya huce, suga ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Takan tsaya a kanki sai ta ga kin shafe cokalin da yatsa, domin gishiri in ya yi yawa yana cutar da yaro, suga kuma ƙara gudawar yake yi. Haɗin da ya wuce awa 24 sai a zubar.

Cibiyar jariri kuwa, ta hana sa toka da man goge baki. Mai jego da jini ya ƙi tsayawa, ba ta jira a gama shawara, asibiti kawai, ko da tsakar dare.

Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta.

Daga matan unguwa,
Zariya