Tarihin tsibirin Gore bai tsaya kan Turawa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili in yi tsokaci kan yadda ake ba da labarin Gore, ɗan tsibirin nan da ke gaban Dakar a ƙasar Senegal. Duk wanda ya tashi maganarsa sai ya jero Turawan da suka mulke shi, ya nuna hoton “ƙofar da ba a dawowa”, wato ƙofar Gidan Bayi da ake cewa ta nan ake fitar da bayi zuwa teku, shi ke nan ya gama. Mutanen da suka zauna a wurin kuwa, ko oho.

Jerin masu mulkin gaskiya ne. Turawan Fotugal sun iso a 1444. A farkon ƙarni na 17 'yan Holan suka karɓe, suka gina ganuwa biyu. Faransa ta ƙwace a 1677, Ingila ta fizge a 1758, ta mayar a 1763, ta sake shiga a 1779 da 1800, sai a 1817 Faransa ta zauna daram har Senegal ta sami 'yanci a 1960. Duk wannan kokawa a kan dutsen da tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba.

To amma wa ke ba sojan ruwan sha? Gore ba ta da wadataccen ruwa, ba ta da gonaki. Ruwa da itace da gero da dabbobi daga tudu ake kawo su cikin kwale-kwale, daga hannun ƙabilar Lebu ta gaɓar Dakar da ƙasar Kajor, kuma Damel, sarkin Kajor, yana karɓar harajinsa. Gwamna na da igwa a kan tsauni, amma idan mutanen gaɓa suka riƙe kwale-kwalensu, ƙishirwa ce za ta koya masa ladabi.

A cikin tsibirin kuma, dukiya na hannun matan da ake kira sinyar. Matan ƙasa ne da 'ya'yansu ruwa-biyu, waɗanda ke auren jami'an Turawa bisa al'adar wurin. In mijin ya koma ƙasarsu, gida da jiragen ruwa da bayi suna nan hannun matar. Bafaranshe ya tafi, Bature ɗan Ingila ya zo, ita ce dai zai nema don hayar ɗaki da matuƙa jirgi da magina. Ba ina wanke su ba ne. Sun mallaki mutane, sun ci ribar cinikin bayi. Gidan Bayin da baƙi ke ziyarta yau ma na irin waɗannan iyalai ne: iyayen gida a bene suna shan iskar teku, ƙasa kuma ɗakuna ne masu duhu da 'yar taga kamar tsagar bango. Kafin Faransa ta haramta bauta a 1848, bayin gida su ne mafi yawan mazauna tsibirin, su ne suka fasa baƙin dutsen da aka gina gidajen nan masu jan fenti. Masana tarihi da dama na ganin bayin da aka fitar ta Gore ba su kai miliyoyin da ake faɗa wa baƙi ba, don manyan kasuwannin suna can kudu. Wannan bai rage zafin abin ba, amma jarida ta faɗi abin da ya tabbata.

Abin da yaƙi bai yi wa Gore ba, maƙwabciya ta yi. A 1857 Faransa ta kafa Dakar, ciniki ya koma gyaɗa, ita kuwa gyaɗa fili take so da layin dogo da babbar tashar jirgi. 'Yan kasuwa suka kwashe. Tsibirin da ya haura mutum dubu huɗu a tsakiyar ƙarni na 19 ya koma 'yan ɗaruruwa, aka haɗe shi da Dakar a 1929.

Duk da haka a nan aka haifi Blaise Diagne a 1872, baƙar fata na farko da aka zaɓa daga Afirka zuwa majalisar dokokin Faransa a 1914. A nan kuma makarantar horon malamai ta William Ponty ta zauna daga 1913 har wajen ƙarshen shekarun 1930. Boubou Hama, marubuci kuma ɗan siyasar Nijar, ya yi karatu a cikinta, haka Diori Hamani, shugaban Nijar na farko. Na daɗe ina koyar da tarihi, da wuya in ga ɗalibin da ya san da wannan.

Yau tsibirin na cikin wuraren tarihi na UNESCO tun 1978. Babu mota a cikinsa, jirgin fito ne ke kai da kawo cikin kamar minti 20. Akwai coci na 1830, akwai tsohon masallacin dutse a gindin tsauni daf da ruwa, har yanzu ana salla a cikinsa. Idan za ku aika wakili, don Allah bayan Gidan Bayi ya zauna da liman da masunta da matan da ke sayar da tsaraba a bakin tasha, ya tambaye su yadda kakanninsu suka zo tsibirin da kuma wanda ke gyara gidajen da gishirin teku ke cinyewa.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Tsohon malamin tarihi