Ciwon hanta: daga ina ya fito, ta ina yake shigo mana?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na lafiya a kan ciwon hanta, inda wani mai kira ya ce Turawa ne suka kawo mana shi. Maganar ta tsaya mini a rai, domin ciwon nan ne ya ɗauke yayana bara. Idanunsa suka yi ɗorawa, ciki ya kumbura, muna ta jiƙa masa sassaƙe muna cewa shawara ce, wasu na cewa sammu. Sai da aka auna jininsa aka ce nau'in B ne, kuma hantar ta riga ta lalace.

Tun daga nan nake bin diddigin cutar. Tsohuwa ce ƙwarai: a 2018 masana sun gano ta a haƙoran mutanen da suka mutu shekara 7,000 da suka wuce a Jamus, kuma tana da dangi a jikin birai, jemagu da tsuntsaye.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wani reshe na nau'in B ɗin da ake kira E, wanda ya fi yawa a nan Afirka ta Yamma. Bayi nawa aka kwasa daga yankinmu aka ƙetara teku da su? Amma a Haiti, wata ƙasa a yankin Karibiyan, cikin jikokinsu, da wuya a sami E. Ke nan a zamanin cinikin bayi bai bazu ba, daga baya ne ya mamaye mu. Masana da dama na zargin allurar da aka riƙa yi wa jama'a layi-layi da sirinji ɗaya lokacin mulkin mallaka. To, mai kiran nan ya taɓo wani abu, sai dai ba kawo ta aka yi ba, hanya ta samu. Yau allurar asibiti sau ɗaya ake amfani da ita a jefar.

Saura askarmu. Na ga wanzami ya yi askin suna a unguwarmu, ya goge askar a tsumma, ya wuce gida na gaba. Jariran da suka kamu, tara cikin goma cutar za ta zauna a jikinsu, su ci gaba da rayuwa da ita.

Don Allah ku gayyato likita da sarkin aska su zauna tare a shirin, a yi maganar reza sabuwa ga kowane yaro, da rigakafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa. Ni dai na kai ƴaƴan marigayin su uku an auna su.

Mai sauraronku,
daga unguwar Zariya, Maraɗi