Amsa ga Malamina a kan littafin da na ba yara

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Na ga tambayar da ka yi min a Facebook, kuma tunda kai da kanka ka ce in amsa a fili kowa ya gani, to bismillah. Cewa ka yi don me nake ba yaran da muke karatu da su ran Asabar a Unguwar Rimi irin littattafan nan na Turawa da kullum jarumin cikinsu wani ne da ya bijire wa jama'arsa, alhali mu da zumunci aka san mu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko so nake in mayar da su 'yan kowa tasa ta fisshe shi?

Littafin da ya jawo maganar dai na Yevgeny Zamyatin ne, ɗan Rasha, sunansa We a fassarar Turanci, wato Mu. Ya rubuta shi tsakanin 1920 da 1921, aka hana buga shi a gida, sai a New York ya fara fitowa a 1924, mutanen Tarayyar Sobiyet kuwa ba su gan shi a bugun ƙasarsu ba sai 1988. Kuma fa Malam mutumin nan ba ɗan jari-hujja ba ne da za a ce haushin gurguzu yake ji, ɗan Bolshebik ne, wato jam'iyyar 'yan gurguzun Rasha, tun yana ɗalibi, gwamnatin sarki ta kulle shi a 1905, abokan gwagwarmayarsa da suka hau mulki su ma suka kulle shi a 1922. Injiniyan jiragen ruwa ne, ya yi aiki a Newcastle ta Ingila lokacin yaƙin duniya na farko, ya ga yadda masana'anta ke mayar da ɗan adam kamar ƙusa a jikin inji. A ƙarshe sai da ya rubuta wa Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, wasiƙa a 1931 yana roƙon a bar shi ya fita, aka bar shi, ya mutu a Faris a 1937.

To ga ƙasar da ya zana. Ba mai suna, kowa lamba ce, mai ba da labarin D-503 ake ce masa. Yunifom iri ɗaya, lokacin tashi ɗaya, lokacin barci ɗaya, hatta lomar abinci sau 50 za ka tauna ta don haka tsarin ya ce. Gidajen duk na gilashi ne, na ɗakin can yana kallon ka kana kallon sa. Awa biyu kacal a rana ake bar wa mutum wai ta kansa, shi kuma D-503 har fata yake wata rana a soke su, don tsabar ya yarda da tsarin. Duk shekara ana zaɓen shugaba, ɗan takara ɗaya, ɗaga hannu ake a fili, an san sakamako tun kafin a taru (nan dai yaran suka fashe da dariya, ban tambaye su dalili ba).

Yanzu Malam don Allah ka duba min, a cikin wannan ƙasa ina zumuncin yake? Babu uwa babu uba, babu kawu babu gwaggo, babu aure, tikiti ake yanka. Yara na hukuma ne. Akwai wata mata a ciki, O-90, ba abin da take so a duniya sai ta haihu ta riƙe ɗanta a hannunta, kuma wannan laifi ne da hukuncinsa kisa, sai da ta tsere bayan katangar gari da cikinta. Abin da gwamnatin ta rushe kenan, gida da dangi, saboda wanda ke da uwa yana da wanda yake so fiye da shugaba, kuma wannan haɗari ne gare su. Don haka ni a karatuna littafin kuka yake yi a kan mutuwar abin da kai ma kake tsoron ya mutu.

Ka tuna aikin gayya. Ana haɗuwa a yi noma tare, amma gonar ta wane ce, an san sunansa, an san sunan ubansa, ka je ne don kunyar idonsa da alherin da ya taɓa yi maka, gobe kuma a zo taka. In aka ƙwace gonakin duka aka ce ba na kowa ba ne, aka kafa mai bulala a bakin kunya, ai sunan abin ya canza ko da waƙar noman ba ta canza ba.

Inda na fi so mu tsaya shi ne nan gida Kaduna. Kai ka fi ni sanin rikicin addinin da ya faru a 2000 da 2002, da yadda garin nan ya rabe, kogi ya zama iyaka, wasu suka tattara suka koma kudancin gari wasu suka koma arewacinsa, unguwannin da aka tashi tare aka yi makaranta tare suka zama na ɓangare ɗaya. A kwanakin nan waɗanda suka fita da makami ba wanda ya fita da sunansa, kowa cewa yake an taɓa mu, mu za mu rama. Waɗanda kuma suka ɓoye maƙwabtansu a uwar ɗaka, Musulmi ya ɓoye Kirista, Kirista ya ɓoye Musulmi, kowannensu shi kaɗai ya yanke shawarar, a ransa, yana jin ihun 'yan unguwarsu a waje, ya san in aka gane shi ma ba zai sha ba. A ranar ai bijire wa jama'a ya yi. Wallahi Malam irin wannan yaron nake so in ga mun tayar, wanda zai iya tsayawa ya ce wa abokansa a'a ni ba da ni ba, kuma ba a koyon wannan rana ɗaya, sai an saba tun a ƙananan abubuwa.

Kuma ba daga Rasha muka fara jin haka ba. A Suratu Maryam aka ce kowa zai je wa Ubangijinsa ranar alƙiyama shi kaɗai, ga kuma hadisin da Tirmizi ya kawo mai hana mutum zama ɗan a bi Yarima a sha kiɗa, in mutane sun kyautata ya kyautata in sun yi zalunci ya bi su. Kai ka karantar da mu waɗannan. Amma a aikace fa? Yarinya ta ce lissafi take so a ce me mutane za su ce, yaro ya yi tambaya a aji a ce ya cika iyayi, magidanci ya ci bashin da zai shekara yana biya don kar a ce lefen ɗansa bai kai na gidan wane ba. Ba gwamnati ce ta sa mu ba, mu ne masu gadin junanmu, kyauta ma ba albashi.

Inda kake da gaskiya kuma ba zan ɓoye ba. Akwai littattafan wannan layin da suke wuce gona da iri. Ayn Rand, ita ma haifaffiyar Rasha da ta koma Amurka a 1926, ta fitar da Anthem a 1938, labarin ya yi kama da na Zamyatin sosai, sai dai nata jarumin da ya tsere daji ƙarewa ya yi da ɗaukaka kansa kamar abin bauta, ba wanda yake bin sa bashin komai. Wannan kam bai kwanta min ba sam, wanda aka goya aka yi wa tsarki aka biya wa kuɗin makaranta ya tashi ya ce shi ya yi kansa? In zan ba yara shi sai na zauna da su mun yi musu a kai. Shi ma Zamyatin ɗin ba wankakke ba ne, yadda ya siffanta leɓɓan wani mawaƙi a littafin, R-13, akwai ƙanshin raina baƙar fata a ciki, na nuna wa yaran wajen ban tsallake ba. Ita ma I-330, matar da ta ja D-503 cikin tawaye, amfani take da shi don jirgin sararin samaniyar da yake ƙerawa, ba waliyyiya ba ce.

Amma Zamyatin bai ba jaruminsa nasara ba, shi ya sa na fi yarda da shi. Likita ya duba D-503 ya ce masa ciwonka rai ne ya fito maka, kuma ba ya warkewa. Daga baya hukuma ta samo magani, tiyatar ƙwaƙwalwa da ke cire tunanin ƙirƙira, aka kama shi aka yi masa. Ya tashi garau, ya tafi da ƙafarsa ya tona asirin kowa, ya zauna kusa da shugaba yana kallo ana azabtar da matar da yake so, ko gezau, har mamaki yake wai shi ne ya rubuta shafukan baya. Ga ladabi ga biyayya, ba ya musu da na gaba, ba ya fita daga layi.

Asabar mai zuwa babin ƙarshen nan za mu karanta bayan la'asar, in Malam zai samu zuwa zan turo a ɗauko ka, yaran ma sun ce suna da tambayoyin da suke so su yi maka, kuma na gaya musu kar su ji nauyi.

Ɗalibinka,
daga Unguwar Rimi, Kaduna